Malama Asabe da Tauraron Cikin Kwalba

Duk wanda ya ce muku Malama Asabe mace ce mai sanyin hali, ku ce masa ni Fatsuma mai kananzir na ce bai san ta ba. Sanyin murya gare ta, wannan gaskiya ne. Amma taurin kai? Tabɗi! Gida ɗaya muka zauna da ita a nan Jibiya shekara da shekaru, ƙofar ɗakina na kallon tata, kuma ban taɓa ganin ta ɗauki abu ta ajiye don wani ya ɗaure mata fuska ba.

Ba haifaffiyar garin nan ba ce. Daga kudancin Zariya ta fito, Kirista ce, ta biyo mijinta Iliya da aka turo aikin kwastan a bakin iyaka, daidai shekarun farin nan da shanu ke faɗuwa a kan hanyar Maraɗi. Iliya bai daɗe ba, Allah sarki. Sanƙarau ya kama shi da bazara, kafin a samo motar da za ta kai shi Katsina rai ya yi halinsa. Aka binne shi a maƙabartarsu ta bayan gari. Danginta suka zo da mota, suka ce ta ɗaure kayanta a koma gida. Ina tsaye ina ji ta ce musu, "Mijina yana kwance a nan. Wa zan bar wa shi?" Suka yi lallashi, suka yi faɗa, har wata gwaggonta ta yi kuka da majina. Motar ta koma da su kamar yadda ta kawo su. Da aka karɓe gidan gwamnati da suke ciki, sai ta kama ɗaki a gidana, tunda ni ma ba miji gare ni ba, kuma ɗakin yana zaune ba kowa.

Shekarun da suka biyo baya kuwa, kai, Jibiya ta haukace. Kuɗin mai ya shigo ƙasa, wanda jiya ke kan jaki yau ga shi kan babur. Manyan motoci suna layi tun daga tasha har shingen kwastan, kowace shaƙe da tano, wato manyan gangunan ƙarfen nan, cike da fetur za a haye da su Maraɗi. Garin gaba ɗaya warin mai yake yi. Aka buɗe sabuwar makarantar sakandare, aka rasa mai koyar da kimiyya, sai ga shi Malama tana da takardar babbar makarantar horon malamai ta Zariya a ƙasan akwatinta. Suka ɗauke ta da gudu.

To amma makaranta ba kayan gwaji, ko kwalba ɗaya babu. Wai kayan suna cikin jirgin ruwa a Legas, jirgin yana bin layin sauke kaya a bayan jiragen siminti. Wani malamin da sai ya rubuta a allo yara su haddace, ya kama gabansa. Ita ko ta ce ba za ta sa yaro ya haddace abin da idonsa bai gani ba. Ina za ta haɗa kayan gwajin? A tsakar gidana! Gwangwanin madara, tsohuwar tayar keke, gilashin tabarau, duk ta tara mini su a gindin rariya. Na yi masifa har na gaji. In na gama sai ta ce, "Yaya, sannu da aiki," ta ci gaba da abinta.

A cikin duk tarkacen nan akwai wanda ta fi so. Manyan kwalaben minti ne guda biyu masu faɗin baki, irin na kanti. Ta cika ɗaya da kananzir ta ajiye a ƙasa. Ta cika ɗayar da ruwan da ta rina da shuni, ta rufe bakinta da fallen gwangwani, ta kifa ta a kan ta farkon, baki da baki. Sai ta zare fallen ta tsuguna tana kallo, baki sake. Wai yadda tauraro ke fashewa ke nan. Ni taurarin da na sani su ne Zara da Gamzaki da Kaza da 'ya'yanta, kuma tun ina yarinya ban ga wanda ya fashe ba. Duk sanda ta ce, "Yaya, zo ki gani," sai in ce, "Ke Malama, rabu da ni, ina da masu saye a zaure." Abin da ya dame ni kawai shi ne ita ce babbar mai sayen kananzirina.

Matan da ke shigowa saye sun sha ganinta tsugune tana juye wannan a cikin wancan. Suna dariya suna cewa Malama ta iya algus. Ni ma na yi dariyar, don a lokacin wasa ne.

Bayan katangarmu akwai Salmatu, matar Kalilu direba, wanda ke jan babbar mota tsakanin Jibiya da Maraɗi. Yarinya ce mai fara'a, kullum tana leƙowa ta inda katangar ta zube, aron wannan, aron wancan. A ƙarshen shekarun nan na saba'in aka shiga wahalar kananzir, don duk wanda aka kawo haye iyaka yake yi. Ni da nake sayarwa ma garwata ta bushe. Salmatu ta leƙo tana neman ko na rabin fitila. Malama ta shiga ɗaki ta ɗauko mata kwalba guda cikin wanda ta ajiye don gwajinta, wuyan kwalbar duk ya rine da shuni. Ta ce, "Riƙe, ba aro ba ne."

Bayan 'yan kwanaki, da magariba, ina alwala na ji "fum!" sai ihu. Wayyo, har yau ihun nan yana kunnena. Fitilar ƙwai ce ta fashe a hannun Salmatu. Malama ce ta fara tsallaka katangar, ta yaye zanenta na sama ta lulluɓe ta da shi ta kashe wutar. Gefen fuskar yarinyar da hannunta na dama duk sun saɓule. Aka ɗauke ta sai asibiti a Katsina, ko magana ba ta iya yi.

Kalilu ya dawo daga Maraɗi ya tarar da gida ba mata, sai toka da fasasshen gilashi. Ya duba ɗaki ya ga kwalba mai shuni a wuya, an sha rabinta. To a Jibiya ko yaro ya san abin da ke fasa fitila, fetur ne a cikin kananzir. Wa kuma aka sani da haɗa kananzir da wani abu? Shi ke nan, magana ta ƙare. Kafin gari ya waye sau biyu, har a Daddara da Mazanya ana cewa malamar makaranta ta ƙona matar direba da haɗinta.

Ni na san inda fetur ke shiga kananzir, kuma duk mai sana'ar nan ya sani. Tanon da ya kai fetur Maraɗi shi ke dawowa, ba wanki ba komai, da saura a gindinsa, a ɗura masa kananzir. Na faɗa a zaure, na faɗa a bakin rijiya, na faɗa a tasha har muryata ta dishe. Wa zai saurare ni? Rabin mazan garin da tanon nan suke ci. Ya fi musu sauƙi a ce baƙuwa ce, mace, marar miji, mai wasa da kwalabe. Abin ya ƙona mini rai, wallahi har yau in na tuna sai na ji zuciyata na tafasa.

Aka fara jifar rufin kwanonmu. Masu saye suka ɗauke ƙafa. Shugaban makarantarsu ya kira ta, ya ce shi bai ce ta yi ba, amma zai nema mata canjin wurin aiki ta tafi salin alin, kafin nan kuma kada ya ƙara ganin kwalba a aji. Kalilu ya kai ƙara wurin Mai unguwa Manu, ya ce ko ta bar garin ko shi ya san abin da zai yi.

Ni kaina na ce mata ta tafi. Na ce, "Malama, ki je gida ko na wata biyu ne, ƙura ta lafa."

Ta ce, "Yaya, in na tafi, ni na ƙona ta. Kuma ba za su bar ni in dawo ba. Wa zai share kabarin Iliya?"

Na ce, "Kabari ai ba ya gudu!"

Can sai ta ɗago ta ce, "Kananzirin nan a wurinki na saya. Kin yarda da shi?"

Na buɗe baki zan rantse, sai rantsuwar ta maƙale. Na ce, "Na sayar wa mutane da yawa daga garwar nan, ba wanda ya dawo da kuka. Amma ni ma daga tano aka zuba mini, Malama. Ba zan ɗauki Alƙur'ani a kai ba."

Ta gyaɗa kai ta ce, "To, ya isa."

Ranar da Mai unguwa ya sa, da hantsi, muka tafi ƙofar gidansa, gindin bishiyar bedi. Ta ɗora mini kwando a ka, da kwalabenta biyu a ciki da jarkar ruwa, ita kuma ta riƙo fitilarta ta ƙwai. Ina tafe ina mita, ana tuhumarki da kwalabe kin kwaso kwalabe, wannan wane irin rashin hankali ne? Wurin ya cika maƙil, direbobi, 'yan kamasho, dillalan mai, har da mata a bakin zaure. Kalilu na tsaye da kwalbar mai shuni a hannu, idanunsa jajur, da gani bai yi barci ba tun ranar.

Ya faɗi nasa. Mai unguwa ya juyo ya ce, "Malama, kin ji. Kwalbar nan taki ce?"

Ta ce, "Tawa ce, ranka ya daɗe. Ni na ba ta. A miƙo mini ita."

Aka miƙa mata. Ta kwance murfin fitilarta, ta kifa ta don kowa ya ga ba ko ɗigo a ciki. Sannan ta juye abin da ya rage a kwalbar duka, ta ɗaure murfin, ta ɗaga ƙwan, ta ƙyasta ashana.

Na yi kukan kura na ce, "Ke! Kin haukace? A zuba a ƙasa mana a jefa ashana daga nesa!"

Ta ce, "In an zuba a ƙasa za a ce ƙasa ta shanye. A fitila ta fashe wa Salmatu, a fitila za a gwada."

Ta zauna a kan tabarma ta miƙe ƙafa, ta ɗora fitilar a cinyarta, ta rungume ta da hannu biyu, fuskarta a saman ƙwan. Kun san fitilar da aka yi wa algus ba nan take take fashewa ba. Sai ta ɗauki zafi, tururin fetur ya taru a cikinta. Ta Salmatu ma sai da ta ci wuta har aka gama tuƙa tuwo. Kowa a wurin ya san haka, shi ya sa kafin ka ce me, mutane sun ja da baya, jarumawan tasha har da masu laɓewa bayan bishiya.

Mai unguwa ya ce, "Malama, ban yarda da wannan ba. Ajiye ta."

Ta ce, "Ranka ya daɗe, ai fuskata ce. Zan riƙe ta har a kira azahar. In ta fashe, kun huta da shari'a." Ta ƙara murɗa lagwanin sama. Sannan ta ce, "Tunda zaman jira za mu yi, bari in nuna muku abin da nake haɗawa. Yaya, jera kwalaben can gefe, yadda kike gani ina yi."

Ni da ban taɓa tsayawa na kalla da kyau ba! Haka na jera su, kananzir a ƙasa, ruwan shuni a sama, fallen gwangwani a tsakani. Ta ce kada in zare sai ta faɗa.

Sai ta fara magana da muryar nan tata ta aji, kamar ba wuta a cinyarta. Ta ce taurarin da muke gani ƙanana, kowane rana ce irin tamu, nisa ne ya ƙanƙantar da su, kuma akwai waɗanda suka ninka ranarmu girma sau da yawa. Ta ce irin wannan ƙaton tauraro tsakanin abu biyu yake rayuwa. Nauyinsa na danna shi ciki, zafin wutar cikinsa na tura shi waje, muddin sun yi daidai yana nan lafiya. Yana cin makamashinsa, tokar da ta fito ita ma ya ci ta, tokar wannan ma ya ci, har ranar da abin da ya rage a tsakiyarsa ya zama baƙin ƙarfe. Ƙarfe kuwa ba ya ba da wuta.

Wani tsoho daga cikin masu zama kusa da Mai unguwa ya ce, "Yarinya, taurari Allah ke riƙe da su."

Ta ce, "Shi ke riƙe da su, Baba, shi kuma ke sakinsu in lokacinsu ya yi. Ni hanyar da ya tsara kawai nake nuna wa yara." Tsohon ya ci gaba da jan carbinsa.

Ta ce ranar da wutar tsakiya ta mutu, ba abin da ke tare nauyi kuma. Cikin tauraron sai ya rufta, kafin ƙiftawar ido. Ya yi ta matsewa har ya kai inda ba ya matsuwa, abin da ke faɗowa ya doke shi ya yi tsalle baya, kamar taɓarya ta sami dutse a turmi. Ta ce da masana sun ɗauka wannan tsallen kaɗai ya isa ya tarwatsa tauraron, amma da suka yi lissafi sai suka ga sau da yawa ƙarfinsa na ƙarewa a hanya, don sauran jikin tauraron yana nan yana zubowa a kansa. To a nan ne ake samun abu mai zafi marar nauyi a ƙasa, mai nauyi a samansa.

"Yaya, zare."

Na zare. Jama'a, na ga abin da ban taɓa gani ba, ni da kananzir ya tsufa a hannuna. Na ɗauka ruwan zai faɗo gaba ɗaya. Ina! Fuskar da ke tsakaninsu ta ɗan yi rawa tukuna, sai ga shuɗin ruwa na saukowa yatsu-yatsu, kowane yatsa da kai mai faɗi kamar lemar kwaɗi, kananzir kuma na kutsawa sama ta tsakaninsu. Wani gefen ya riga wani. Nan da nan kwalaben suka hargitse, na sama ya koma ƙasa, na ƙasa ya koma sama. Waɗanda suka laɓe bayan bishiya sai ga su suna miƙo wuya.

Ta ce, "Mai nauyi ba ya zama a kan marar nauyi. Ko yaya suka kwanta lumui, ƙaramin motsi ya isa ya kifar da su. Wasu masana suna zargin irin wannan juyin ne ke kwaso zafin ciki ya fito da shi, ya taimaka wa tauraron ya fashe. Har yanzu gardama suke yi, ba su gama ba, ni ma ban ce na sani ba. Amma in ya fashe, haskensa shi kaɗai yana yin na taurari dubbai, ya watsa abin da ya dafa a cikinsa ko'ina. Ƙarfen motarka, Kalilu, daga irin wannan ya fito. Wannan nake nuna wa yara. Ruwa ne da shuni da kananzir. Fetur bai taɓa shiga ɗakina ba."

Kalilu ya ce, "Ni mi ya dame ni da tauraro? Matata tana can kwance ba fuska!"

Ta ce, "Na sani. Shi ya sa nake riƙe da fitilar."

Rana ta yi sama, inuwar bedin ta janye ta bar ta a fili, aka ce ta matsa ta ƙi. Gumi na zuba daga haɓarta yana sauka a kan murfin fitilar yana cewa "cas". Ni ina gefe, duk addu'ar da na iya na karanta, har da waɗanda na manta rabinsu. Ina kallon fitilar nan ina tuna tanon da aka zuba mini, ina cewa ya Allah ka sa an wanke shi. Ban taɓa jin tsoro irin na ranar ba, ko ranar da na haihu.

Can wutar ta yi "fat", ta yi tsalle a cikin ƙwan. Mata suka ƙwalla ihu, wani ɗan kamasho ya faɗa kan kwandona. Ashe ƙwaro ne ya shiga. Ita ko, idonta kawai ta runtse, hannunta bai saki ba.

A nan ne Kalilu ya karye. Ya ce, "Malama, kashe ta. Ya isa haka."

Ta ce, "Ba a kira azahar ba."

"Na ce ya isa! Na janye!"

"In na kashe yanzu, gobe wani zai ce da an ƙara jira da ta fashe. Ba a kira azahar ba, Kalilu."

Ya tsaya yana kallonta kamar zai mare ta. Sai ya cire hularsa, ya tako ya zauna a kan tabarmar dab da ita, gwiwarsa kusa da tata, ya kawo fuskarsa saitin ƙwan fitilar. Ya ce, "To in za ta fashe, ta fashe da ni." Ƙato da shi, hawaye na bin gemunsa, bai share ba. Haka suka zauna su biyu, da fitila a kunne da rana tsaka.

Da ladan ya ɗaga murya, Mai unguwa da kansa ya taso ya ɗaga ƙwan ya hure wutar. Sai da na ɓamɓare yatsunta daga jikin fitilar, sun ƙage, tafin hannunta duk ya yi bororo. Na ce, "Allah ya shirye ki, Malama, kin kusa kashe ni." Ta ce, "Yaya, kin zare fallen da sauri, da kin bi a hankali da yatsun sun fi fitowa." Ku ji fa! Da ba don mutane ba da na rufe ta da duka.

Da Salmatu ta samu bakin magana, sai ta ce kwalbar Malama a risho ta yi amfani da ita. Wanda ta zuba a fitila a wurin wani mai tallan jarka ta saya ranar kasuwa, ba ta ma san shi ba. Ba a taɓa gano shi ba, kuma ba wanda ya wahalar da kansa wajen nema. Cikin masu jifar kwanonmu ba wanda ya zo ya ce a yi haƙuri, sai dai suka dawo saye suna sunkuyar da kai, ni kuma ban bar ko ɗaya ya fita ba tare da na gasa masa magana ba. Shugaban makaranta ya manta da zancen canjin wuri. Washegari da hannu a naɗe ta shiga aji, kwalabenta a kwando.

Ta koyar a makarantar nan har ta yi ritaya. Kayan gwajin na Legas sun iso daga baya, rabi a farfashe, amma ba ta yar da kwalaben minti ba. Direbobi suka sa mata suna Mai Tauraro, in sun gan ta a hanya da kwando sai su tsaya su rage mata hanya.

Salmatu ta dawo da tabo daga kunne har wuya, da yatsu biyu da ba sa miƙewa. Ta warke, ta haifi 'ya'yanta, ta ci gaba da dariyarta. Abu ɗaya ne ya gagare ta, ba ta iya kunna fitila. Ko ashana ta ɗauka ta nufi lagwani sai jikinta ya kama ɓari. Kalilu kuwa kullum yana hanya. Don haka duk magariba sai ta zo inda katangar ta zube ta miƙo fitilar, Malama ta karɓa ta kunna, ta riƙe ta a hannunta ɗan lokaci, sannan ta miƙa mata. Ko da aka kawo lantarki ba a fasa ba, don wutar sai ta ga dama take zuwa. Na ce a gyara katangar nan, Malama ta hana. Yaran Salmatu sun girma sun iya kunnawa, amma ita ta Malama take so.

Da Malama ta tsufa ciwon ƙirji ya kwantar da ita, ba ta daɗe ba. Danginta suka sake zuwa da mota, wannan karon 'ya'yan waɗancan ne, suka ce za su kai ta gida. Kalilu, gemu duk fari, ya tsaya a ƙofar zaurena ya ce musu, "Gida? Ai tana gida. Mijinta na bayan gari yana jiranta." Suka dubi yawan mutanen da ke bayansa, suka yarda. A bayan tsohuwar motarsa aka ɗauki akwatin. Mutanenta suka yi addu'o'insu, namu suka tsaya daga bakin shinge har aka gama rufe ta kusa da Iliya.

Da magariba ta yi ranar, ba wuta a gari. Ina zaune a tsakar gida ina kallon ƙofarta a rufe, sai na ji motsi. Salmatu ce a bakin katanga, ta miƙo fitila kamar kullum, sai da hannun ya miƙe sannan ta tuna. Ta tsaya a haka. Na share idona na tashi na ce, "Kawo, ɗiyata, in kunna miki."

Ta ce, "Bari, Yaya."

Ta tsallako, ta zauna a bakin ƙofar Malama, ta ɗora fitilar a cinyarta. Ashanar farko ta karye, ta biyu ta faɗi a ƙasa. Na koma na zauna ina kallonta. Ta sake ƙyastawa da yatsun nan nata masu tabo, ta kai ta kan lagwanin. Ya kama. Ta sauke ƙwan, ta rungume fitilar da hannu biyu, ba ta tashi ba sai da aka kira isha'i.